Ƙananan Ƙwarin Ruwan Tabki: Kurkunu da Tsargiya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasinmu na yau a kan ruwan tabki yake, da abubuwan da suke zaune a cikinsa.

A ƙasar Adar, daga Garhanga zuwa Keita, Buza da Madawa, ruwan sama ba ya daɗewa bisa dutse. Da gudu yake gangarowa, ya taru a kwari. Tun daga shekara ta 1984, aikin raya karkara na Keita, wanda ƙasar Italiya ta ba da kuɗinsa, ya gina madatsun ruwa, ya dasa miliyoyin itatuwa. Ruwan da a dā yake wucewa, yanzu yana tsayawa. Bisashe suna sha, ana noman rani, mata suna wanki, yara suna iyo. Wannan babban alheri ne. Sai dai ruwan da ya kwanta wuri guda yana da nasa mazauna.

Ga wani gwaji mai sauƙi. Ku ɗebo ruwan tabki cikin farar kwalba. Ku bari laka ta kwanta, sannan ku ɗaga kwalbar wajen haske. Sau da yawa za ku ga wasu fararen ɗigo-ɗigo, ba su kai ƙwayar hatsi ba, suna zabura nan da can. Masu rai ne. Masana sun ce dangin jatan lande ne da ƙaguwa, amma tsawonsu bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Ana ce musu ƙumar ruwa. Ƙumar ruwa ba ta cizo, kuma abincin ƙananan kifi ce. Laifinta guda ne: ita ce jakin da kurkunu yake hawa ya shiga cikin mutum.

Yadda kurkunu yake zagayawa

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, amma iyayensu sun sani. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, tsawonta yakan kai mita guda. Wanda ya sha ruwa mai ƙuma, ƙumar tana mutuwa a cikinsa, amma ƴaƴan tsutsar da ta haɗiye ba sa mutuwa. Sai su huda hanji, su shiga tsoka, su yi ta girma shiru. Wata goma, wata goma sha biyu, mutum bai ji komai ba. Daga nan sai macen tsutsar ta gangaro, yawanci zuwa ƙafa. Sai bororo ya taso, mai zafi kamar garwashi.

To, me mai zafin ƙafa zai yi? Zai nufi ruwa ya tsoma ta don ya ji sanyi. Abin da tsutsar take jira ke nan. Da ta ji ruwa sai ta saki dubban ƴaƴanta. Ƙumar ruwa ta haɗiye su. Bayan kamar mako biyu sun isa kama wani. Mutum guda da ya tsoma ƙafa yau, yana iya kwantar da rabin gari baɗi.

Babu ƙwayar magani, babu allurar rigakafi. Sai dai a naɗe tsutsar a jikin tsinke, a riƙa jan ta kaɗan-kaɗan kowace rana, har makonni. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, miki ya ruɓe. Abin baƙin cikin, a ƙasashenmu da damina take fitowa, daidai lokacin noma. Shi ya sa Dogon na ƙasar Mali suke ce mata cutar da ke barin rumbu wofi.

A dā mutane da yawa sun ɗauka kurkunu jijiya ce ta jikin mutum da ta tashi, wasu kuma suka ce sammu ne. Ba a ga laifinsu ba. Wa zai haɗa ruwan da ya sha bara da ciwon da ya same shi bana?

A shekara ta 1986, lokacin da cibiyar Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ta shiga yaƙi da kurkunu, an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ne suke kamuwa kowace shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A Nijar, ƙidayar da aka yi gari-gari a 1991 ta samu kusan mutum 33,000. Jahar Damagaram ce ta fi yawansu. A Najeriya, inda tsohon shugaba Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka yana jan hankalin jama'a, an taɓa ƙirga fiye da mutum 650,000. Amma a 2008 aka ga na ƙarshe da ya kamu a cikin Nijar, haka ma a Najeriya. A watan Disamba na 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasashen biyu sun rabu da kurkunu. A 2024 mutum 15 kaɗai aka samu a duniya duka, a Cadi da Sudan ta Kudu.

Da me aka ci wannan nasara? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin siminti da famfo, da hana mai kurkunu shiga tabki. Sai kuma wani magani mai suna Abate, wanda ma'aikatan lafiya suke aunawa su zuba a ruwa don ya kashe ƙuma. A ganina, mafi girman aikin matan karkara ne suka yi shi, su da suka riƙa tace kowane tulu, shekara da shekaru, ba gajiya.

Kada dai mu saki jiki. Ƙumar ruwa tana nan cikin tabkunanmu, baƙo kawai take jira. Ƙasar Cadi ta yi shekara goma ba a ba da labarin kurkunu ba, sai ga shi a 2010. A 2012 aka tarar har karnuka yana kamawa, kuma an gan shi a jikin karnuka a Mali. Masana suna zargin ɗanyen kayan cikin kifi da kwaɗi da karnuka suke ci. Cadi da Mali kuwa maƙwabtanmu ne, ƴan ci-rani da makiyaya suna kai da kawowa. Saboda haka mai gyaran kifi, a Tabalak ko a ko'ina, ya binne hanjin ko ya ƙone shi, kada ya jefa wa kare. Wanda ya ga farar tsutsa tana fitowa daga jikin mutum ko na kare, ya hana shi kusantar ruwa, ya kai labari gidan likita a ranar.

Tace ruwa ma yana da ƙa'ida. A sami ƙyalle mai ƙaramin ido, wanda ba shi da huda ko guda. A ɗaure shi a bakin tulu, a zuba ruwa sannu. A sa wa ƙyallen alama, don gefen da ya tare datti yau kada ya koma ƙasa gobe. In an gama, a ɗauraye shi da ruwan da aka tace, a zubar nesa da tabki, a shanya a rana. Mai zuwa gona da mai kiwo su tafi da nasu, domin ƙishirwar daji ce ta fi sa mutum ya duƙa ya kafa baki. Ƙyallen yana tare matsattsaku ma, wanda yakan maƙale a hanci ko maƙogwaro. Amma ba ya tare ƙwayoyin zawo da kwalara. Su sai an tafasa ruwa, ko an sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a takardarta, a jira minti 30. Kuma kada kowa ya zuba maganin ƙwarin gona a tabki. Zai kashe kifi, ya cuci bisashe da mutane.

Tsargiya, wadda har yanzu tana tare da mu

Ita tsargiya, wato fitsarin jini, ƙyalle ba ya tsare ta, domin ta fata take shiga. Jakinta kuwa ƙaramin dodon koɗi ne, wanda yake manne wa ciyayi a bakin ruwa. Mai tsargiya ya yi fitsari a tabki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan su shiga dodon koɗi. Bayan kamar wata guda su fito da yawa, ido ba ya ganinsu. Da tsakar rana suka fi fitowa, daidai lokacin da yara suke faɗawa ruwa. Cikin ƴan mintoci sun ratsa fata. Suna girma a jijiyoyin jini na mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwan ne yake yi wa mafitsara rauni, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari.

Wasu suna cewa alamar balaga ce ga yaro namiji. Wannan magana ta cuci yara da yawa. Yaro mai tsargiya jininsa yana raguwa, ya rame, ya kasa karatu. In ta daɗe tana ɓata ƙoda, tana iya kawo ciwon daji na mafitsara. Mata kuma tana sa musu ciwon mara da zubar jini, har ta hana haihuwa, ga kunya tana hana su faɗa. Miji ya kamata ya raka matarsa gidan likita, a auna fitsari.

Maganinta yana nan, sunansa praziquantel. A 2004 Nijar ta fara raba shi kyauta ga ƴan makaranta. Ana auna tsayin yaro da sanda, a san yawan ƙwayoyin da zai sha. A ba shi abinci tukuna, ko fura ce, don kada ya ji jiri da ciwon ciki. Yaran da ba sa zuwa makaranta, masu kiwo da masu talla, su ma a kai su ranar rabo. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, amma wanda ya koma ruwan zai sake ɗauka. Don haka a hana fitsari da bayan gida a bakin tabki, a cire ciyayin wurin da ake ɗiban ruwa. Mai ban ruwan albasa da yake wuni cikin ruwan madatsa ya nemi takalmin roba mai tsawo. Ruwan wankan yara kuwa a ɗebo shi a ajiye a gida kwana biyu. Ƴaƴan tsutsar ba sa wuce haka da rai in ba su sami jikin mutum ba.