Amsoshin Tambayoyinku: Salula da sana'ar matan Adar

Wata mai sauraronmu daga Tahoua a yankin Adar, mai sayar da cuku, tana tambaya ko salula na taimakon mata 'yan kasuwa.

Hajiya, a yankinku ma aka gwada tura kuɗi ta salula. Lokacin farin 2010, ƙungiyar Concern ta riƙa tura wa matan ƙauyukan jihar Tahoua tallafi ta Zap, tsarin tura kuɗi ta waya na kamfanin Zain. Binciken wata masaniya, Jenny Aker, ya nuna waɗanda suka karɓa ta waya sun huta da doguwar tafiya da jiran layi, cimar gidajensu ma ta inganta.

Yau ga Airtel Money: mai saye a Yamai zai biya ki kina gida. Amma layin wayar ya kasance da sunanki, lambar sirri kuma kada ki ba kowa, ko da mai kanti ne.