Shawara ga Makaɗan Jita a Birnin Jidda

Ya ɗan'uwa, idan Allah ya hore maka ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa domin sauya amon jita, wajibi ne, kafin ka kusanta shi da wuta, ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa, domin galibinsu, kamar na kamfanin Boss, bolt 9 suke ɗauka, kuma tsinken tsakiya na kafar wutarsu alamar ɗebewa gare shi, ta yadda adaftar da ta saɓa wa wannan ƙa'ida tana iya halaka akwatin nan take. Ita ma adaftar, tun da wutar Saudiyya bolt 230 ce, alhali wasu tsofaffin gidajen Jidda suna da sauran layin 127, ka zaɓi mai karɓar 100 zuwa 240.

Wayar jita ta shiga kafar dama ta akwatin, ta hagu ta nufi amfilifaya, bayan ka rage muryarta ƙasa.

In ka gama kaɗawa, zare wayar dama, domin muddin tana ciki batirin akwatin, in akwai shi, yana ƙarewa. Sa'an nan ka goge kawunan wayoyin da busasshen ƙyalle, saboda laimar Bahar Maliya tana saurin kawo musu tsatsa.