Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ƙasashe ke bin diddigin juna kan cin hanci?

Bin diddigin juna tsakanin ƙasashe a yaƙi da cin hanci da rashawa ya samo tushe ne daga yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2003, wadda ta fara aiki a Disamban 2005. Tsarin binciken kansa an kafa shi ne a taron Doha na 2009, kuma ofishin Majalisar mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka da ke Viyana ke kula da shi.

Ƙuri'a ake jefawa a zaɓi ƙasashe biyu su duba ƙasa ɗaya, ɗaya daga yankinta, ɗaya daga wani yanki. Ƙasar da ake dubawa takan fara cika takardar tantance kanta, sannan ƙwararru su gwada dokokinta da abin da ta sa wa hannu. Zagaye-zagaye ake yin binciken. Zagayen farko ya duba hukunta laifuka da miƙa waɗanda ake tuhuma. Na biyu ya koma kan rigakafi da dawo da dukiyar sata, fannin da ya fi shafar Najeriya, wadda Suwizalan ta amince a 2017 ta mayar mata da dala miliyan 321 na kuɗin Abacha.

Sai dai tsarin ba shi da haƙora, kuma wannan babban rauni ne. Ba a hukunta kowa, ba a shiga ƙasa sai da yardarta, kuma taƙaitaccen rahoto kaɗai ya zama dole a wallafa. Cikakken rahoton sai gwamnati ta ga dama.