Bel ɗin kujerar baya: darasi daga hanyar M6

Kusan kowane ƙarshen mako motocinmu na kan hanyar M6 tsakanin Manchester da Birmingham, ko suna, ko biki, ko ta'aziyya. Direba da na gefensa sun ɗaura bel, amma a baya Hajiya ta rungume jika a cinya, babu wanda ya ɗaura komai. Haka aka saba a motocin haya na Kumasi da Nima, kuma ɗabi'ar ta biyo mu har Ingila.

Me ya sa mutum ke fitowa daga mota

Idan mota ta yi karo ta tsaya cak, jikin wanda ke ciki bai tsaya ba. Ko a gudun mil 30 a awa, wanda bai ɗaura bel a baya ba yakan bugi kujerar gaba da ƙarfin da ya kai ninkin nauyinsa 30 zuwa 60. Yana iya kashe na gabansa, ko ya fasa gilashi ya faɗa kan kwalta. Babu hannun kakar da zai iya riƙe jariri a wannan hali. Ɗaura bel ba rashin tawakkali ba ne, kiyaye amanar rai ne.

Abin da doka ta ce

A Birtaniya an wajabta bel a gaba tun 1983, ga manya a baya kuma tun 1991. Tara tana iya kai fam 500. Yaro yana buƙatar kujerarsa ta musamman har ya cika shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135. Duk yaron da bai kai 14 ba, alhakinsa na wuyan direba. Iyayenmu, a gyara babbar riga ko rigar sanyi don bel ya kwanta a ƙugu da kafaɗa, kada a saka shi ƙarƙashin hamata. Mai juna biyu ta ɗaura shi ƙasan ciki.

Idan abin ya auku

A kira 999. Wanda mota ta jefo, kada a ɗaga shi ko a murɗa wuyansa, sai in wuta ko wata mota na barazana gare shi. Kada a ba shi ruwa. Masu motar asibiti sun san inda za su kai shi, kamar asibitin Queen Elizabeth a Birmingham ko Salford Royal kusa da Manchester.

Bayan an dawo gida

Nan ne mu masu harhaɗa magani muke yawan ganin kuskure. Mai shan maganin tsinka jini, irin su warfarin ko apixaban, idan ya bugu a ka, ya tafi asibiti ko da yana jin garau, domin jini na iya zuba a ƙwaƙwalwa a ɓoye. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa ko yawan barci, duk alamun gaggawa ne. Co-codamol na kanti kada ya wuce kwana 3, kuma akwai paracetamol a cikinsa, kada a haɗa biyun. Idan ya sa ku jiri, kada ku tuƙa. In kuna shan maganin gargajiya daga gida, ku gaya mana, ba faɗa za mu yi ba.

Firgita, mugun mafarki da tsoron shiga mota su ma rauni ne, a sanar da likita. Ƙungiyar Headway tana taimaka wa masu raunin ƙwaƙwalwa da iyalansu.

'Yan'uwa direbobi, kada mota ta tashi sai na baya sun ɗaura, ko da Alhaji ne. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.