Wane Jadawali Za Mu Nuna? Darasi Kan Ajiyar Bayanai

Duk wanda ya taɓa riƙe aji a ƙasar Gwarzo ko Kabo ya san yawan littattafan da ɗalibi ɗaya yake shiga. Sunansa yana cikin littafin ɗaukar ɗalibai, yana cikin rajistar kiran suna, yana wurin ma'aji, yana kuma ɗakin shan magani. Yaro ɗaya ne, amma labarinsa a warwatse yake. A wannan darasi za mu duba yadda kwamfuta take haɗa wannan labari, da yadda ake zaɓen abin da za ta nuna.

Manhajoji da yawa na yau suna riƙe ɗalibi a matsayin abu guda cikakke. A ce yarinya ce daga Getso mai lamba 214: sunanta, ajinta, mai kula da ita, darussanta da makinta duk suna rataye a jikinta. Amma mai haɗa rahoto jadawali yake so, mai layukan tsaye da na kwance. Wannan tsari na jadawalai masu dangantaka da juna Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya bayyana shi a 1970, kuma harshen SQL da ake yi musu tambaya da shi ya sami ƙa'ida ta bai ɗaya a Amurka a 1986.

Idan aka shimfiɗa yarinyar nan a kan jadawali, layi ɗaya ba zai ɗauke ta ba, domin sunanta ɗaya ne amma darussanta 9. Dole a raba: jadawalin ɗalibai, na darussa, na maki, na kuɗin makaranta, na lafiya. Lambarta ita ce igiyar da ta ɗaure su. Daga cikinsu ake zaɓen kaɗan a nuna wa mai bukata, abin da za mu kira taga. Taga ba ta ajiye bayani na kanta. Gyaran da aka yi a jadawalin asali zai bayyana a kowace taga. To, yaya ake zaɓen?

1. A fara da tambaya. Malamin aji yana so ya san wanda ya ci da wanda ya faɗi. Jadawalin ɗalibai, na darussa da na maki sun ishe shi. Sauran kaya ne kawai.

2. Kada a karya gada. Jadawalin maki shi ne yake haɗa ɗalibi da darasi. In muka nuna ɗalibai da darussa muka bar shi, muna da suna muna da Lissafi, amma ba mu san wa ya ɗauki me ba.

3. A yi hattara da haɗa masu yawa biyu. Nan ne haɗarin yake. A ce yarinyarmu ta biya naira 5,000 kowane zango, sau 3, wato naira 15,000. In aka haɗa jadawalin maki mai layi 9 da na kuɗi mai layi 3 a taga ɗaya, kowane maki zai haɗu da kowane biya, a sami layi 27. Mai tara kuɗi zai ga naira 135,000. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Mu ne muka buɗe mata tagar da ba ta dace ba. Maki da kuɗi kowanne ya sami tasa taga.

4. A rufa asiri. Bashin da ake bin wani manomi daga Garo ko Durum, da ciwon da ɗansa yake fama da shi, ba abin da kowane malami zai leƙa ba ne. Ma'aji ya ga kuɗi, mai ba da magani ya ga lafiya. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake ba kulawa ta musamman, ta kuma bukaci kada a yi amfani da bayani fiye da abin da aikin yake bukata. Yaron da 'yan ajinsu suka ji labarin bashin ubansa yana iya ƙin dawowa makaranta.

Aikin gida: ku ɗauki takarda, ku zana jadawalan nan biyar da ɗalibai uku na ƙirƙira. Sannan ku rubuta waɗanda za ku nuna wa shugaban makaranta idan yana son sanin yawan ɗaliban da suka zo daga Kabo, da waɗanda za ku nuna wa uwa da ta zo duba sakamakon 'yarta. Ku faɗi dalilin barin kowane jadawalin da kuka bari.