Idan Babba Zai Koma Karatu a Ƙasar Waje: Shawarwari Takwas ga Gidajen Baleyara da Kurfai

Gemu ba ya hana ilimi. A Baleyara da Filinge ta ƙasar Kurfai akwai malaman lakwal, ma'aikatan asibiti da jami'an kiwo da suka gama digirin farko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, suka yi shekaru suna aiki, yanzu kuma suna neman masta a Maroko, Aljeriya, Turkiyya, Senegal ko Nijeriya. Irin wannan ɗalibi, damuwar gida kan kayar da shi tun kafin wuyar littafi ta taɓa shi. Don haka shawarwarin nan na mai tafiya ne da masu zama baki ɗaya.

1. A zauna da iyali kafin a cika takarda. A tsarin LMD (digirin farko, masta, dokta), masta shekara 2 ce, dokta kuwa shekara 3 ko fiye. Tallafin gwamnatin Turkiyya yana ƙara shekara guda ta koyon harshe, kuma yana neman mai ƙasa da shekara 30 a masta, ƙasa da 35 a dokta. A faɗa wa uwargida da iyaye ainihin tsawon tafiyar, kada a rage don a kwantar musu da hankali. In mace ce za ta tafi, a tsayar da wanda zai riƙe yara tun kafin a sayi tikiti.

2. A gama da takardu a Yamai. Hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu na gwamnati. Ma'aikaci ya karɓi izinin tafiya a rubuce, don kada albashi ya tsaya. A bincika ko za a amince da digirin bayan an dawo, musamman ko hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu ta san da shi. Nijar ta fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025, saboda haka mai zuwa Sakkwato, Zariya ko Dakar ya tambayi ƙa'idar zama da ake bi yanzu. A bar kwafin kowace takarda a gida.

3. A raba kuɗin karatu da kuɗin cefane. Tallafin karatu an auna shi da bakin mutum ɗaya, kuma yakan yi jinkiri. Albashi ya zauna wa gida, a ba amintacce takardar wakilci ya riƙa karɓa yana turawa ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana. Mai tafiya ya riƙe guzurin wata uku. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, amma hayar ɗaki a can tana lanƙwame abin da ake gani da yawa a nan. Ƴan uwa, ku yi wa Allah kada ku ɗora wa ɗalibi kuɗin ragon layya ko na biki.

4. A tsara gona da dabbobi. Jami'o'i kan buɗe a Satumba ko Oktoba, daidai lokacin da ake yankan hatsi. A faɗa gaban shaidu wa zai kula da girbi, dami nawa zai shiga rumbu, wa zai yi shukar damana mai zuwa. Haka nan a yanke wanda ke da ikon kai akuya ko sa kasuwar Lahadi ta Baleyara, da irin larurar da za ta sa a sayar. Wannan magana in an bar ta a buɗe, ita ke raba wa da ƙane.

5. A ajiye girma a ƙofar aji. Wanda ake ce wa darakta a gida zai zauna benci ɗaya da sa'o'in ƙannensa. Ya tambaye su, domin hannunsu ya fi faɗawa a kwamfuta da binciken intanet. Ya koyi buga rubutu da sauri tun yana gida. Mai zuwa Nijeriya ya fara Ingilishi da wuri: Hausa za ta kai shi kasuwar Zariya, amma ba da ita zai rubuta kundi ba. Kuma ya kiyayi kwafe rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba, domin jami'o'i na kora a kan haka.

6. A kula da jiki. Sanyin Disamba zuwa Fabrairu a Rabat ko Ankara ya wuce hunturun Kurfai nesa. A tanadi rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe. Uwargida ta haɗa garin kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji. Da isa, mai tafiya ya nemi ƙungiyar ɗaliban Nijar da ofishin jakadanci, ya san masallaci da asibiti mafi kusa.

7. A tsayar da ranar waya. Rana ɗaya a mako ta doguwar hira da yara da tsofaffi ta fi saƙon murya ashirin a tsakiyar darasi. Rashin lafiya mai tsanani ko rasuwa, a faɗa wa mai tafiya gaskiya. Ƙaramin saɓanin gida kuwa wakilinsa ya sasanta. Yankinmu na fama da matsalar tsaro, don haka kada a tura masa jita-jitar da ba a tabbatar ba, mutum yana nesa ya kwana ido biyu.

8. A ɗauki batun bincike daga gida. Babban ɗalibi ya fi yaro da abu guda: ya san ƙasa. Ruwan da ke kusa a kwarin Dallol Bosso, shanun Azawak na cibiyar Tukunus, cinikin dabbobi a Baleyara, barin yara mata lakwal, kowannensu ya isa kundi. Ya tafi da bayanan da ya tara a wurin aiki, da izinin shugabanninsa. Iyali sun yi haƙurin shekaru, gari ya yi rashin ma'aikaci, don haka hakkinsu ne a dawo musu da ilimin da zai gyara rijiya, garke ko aji.