Jaririn da Aka Haifa da Tsagaggen Leɓe

Ya kai maigida, da ke uwargida, in Allah ya ba ku jariri mai tsagaggen leɓe, kada ku ɓoye shi a ɗaka. Ba aikin iska ba ne, ba kuwa laifin uwa ba ne. Tun cikin watanni biyu na farkon ciki ne ɓangarorin leɓen sama ba su haɗu ba. A duniya, wajen jariri 1 cikin 700 haka a kan haife shi.

Me ya sa hancinsa ya karkace?

Akwai tsoka wadda ta kewaye baki kamar zariyar wando. In leɓe ya tsage, zariyar nan ta yanke ke nan. Bakinta guda ya kan manne a gindin kafar hanci, ya ja ta waje. Ɗayan kuwa ya ja ginshiƙin tsakiyar hanci zuwa gefen da ke lafiya. Ƙashin da ke ƙarƙashin kafar ma bai cika ba. Kun san rumfa, in dirka guda ta goce sai wannan gefe ya kwanta. To, haka guringuntsin hancin ke yi, kafa guda ta baje, ta yi faɗi.

Saboda haka aikin ya wuce ɗinke fata. Sai likita ya saki tsokar daga inda ta manne, ya haɗa bakunanta, ya ɗaga guringuntsin. Wani yaro a kan ƙara gyara masa hanci in ya girma.

Ga abin da za ku yi:

1. Ku kai shi asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi tun makon farko. Su za su tura ku babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Malam Aminu Kano.

2. Kada wanzami ya taɓa bakinsa, ko da cire beli ne. Wata tsagar ta kan kai har ganɗa.

3. Uwa ta zaunar da shi a miƙe sa'ad da ya ke shan mama, ta riƙa sa shi gyatsa. In ya kasa tsotsa, ta tatsa a kofi mai tsabta, ta ba shi da cokali.

4. A riƙa auna shi kowane wata. A kan yi aikin leɓe yana wata 3 zuwa 6, in ya kai wajen kilo 5. Ramammen yaro sai an jinkirta masa.

Ku tambayi ma'aikatan asibiti labarin ƙungiyar Smile Train, wadda ke biyan kuɗin irin wannan aiki a asibitoci da dama na Nijeriya. Wanda ya riga ya girma da tsagar, shi ma a kawo shi, ana gyarawa.